Ranar da na'urata ta dage Baba yana bakin masallaci

Shekarun baya, lokacin da nake digiri na biyu a fannin lantarki a Samaru, na yi wani iyayi da har yau in na tuna sai na rufe fuska. Kwanaki wata 'yar uwa a nan ta tambaye ni me ya sa duk sanda ake maganar na'urorin bin sawu nake cewa a bi a hankali, alhali ni ma da su nake cin abinci. Na ce mata labarin ya fi ƙarfin amsar layi biyu. To ga shi, ku gyara zama.

A lokacin mahaifina ya shiga shekara ta biyu da ciwon mantuwa. Muna zaune a Muchia, cikin Sabon Gari, daga ni sai shi sai mahaifiyata, don yayyena duk aure da aiki sun kwashe su. Ciwon bai kwantar da shi ba. Ƙafa lafiya lau, ci lafiya lau. Sai dai ya je masallacin da ya shekara talatin yana salla a ciki, a dawowa ya tsaya a mararraba yana kallon gidaje kamar baƙo. Sau biyu Mama tana samo shi a layin bayanmu. Mun gwada sa wa ƙofa kwaɗo rana ɗaya. Bai yi faɗa ba, zama kawai ya yi a zaure ya ƙi cin abinci har la'asar. Mama da hannunta ta cire kwaɗon tana share hawaye, ba mu sake ba.

Akwai abu ɗaya da muka haɗu a kai ni da ita ba tare da mun zauna shawara ba, wato kada kowa ya sani. Takan ce, "Mutumin da ake miƙewa in ya shigo, ba zan bari a riƙa nuna shi da baki a unguwa ba." Ni ma na goyi bayanta ɗari bisa ɗari. Ɓoyewar kuma ba ta yi mana wuya ba, saboda gaisuwa ba ta bar bakin Baba ba. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya aiki, zai jero maka su tsaf, ya amsa naka tsaf, ku rabu kana cewa kai, dattijon nan bai tsufa ba. Shi kuwa bai san ko wane ne kai ba.

Ana nan lokacin zaɓen aikin bincike ya zo. Malamin da ke duba aikina ya ba ni batu a kan yadda za a gano inda abu mai motsi yake ta hanyar kafa ƙananan na'urori masu sauraro, alhali awon da suke kawowa ba abin dogaro ba ne. Ina jin haka na ce a raina, Allah ya kawo. Ga takardar digiri, ga tsaron Baba.

Bari in sauƙaƙa muku yadda abin yake. Akwai wata 'yar na'ura da ba ta kai kwalin ashana ba, ita ake maƙala wa abin da ake bi. Aikinta kawai ta riƙa kira ta iska duk bayan daƙiƙa goma, kiran da kunne ba ya ji. Sai kuma akwatunan sauraro da ake kafawa nan da can. Akwatin da ya ji kiran da ƙarfi ya san abin yana kusa, wanda ya ji shi ƙasa-ƙasa ya san yana nesa, kamar dai yadda mutum ke gane nisan masallaci daga ƙarfin kiran salla. Akwati ɗaya nisa kawai zai faɗa maka, bai san gabas ba bai san yamma ba. In uku suka ji, sai kwamfuta ta haɗa maganarsu ta fitar da wuri.

Na haɗa akwati shida. Ɗaya a rufin gidanmu, ɗaya a shagon telan da ke kallon masallaci, ɗaya a kemis, ɗaya wajen injin niƙa, biyu a bakin unguwa ta gabas da ta yamma. Kowa na ce masa aikin makaranta ne, ina auna ƙarfin sigina. Ba ƙarya na yi ba, amma ban faɗi rabin gaskiyar ba. Ita kuma Mama ta ɗinka ɗan aljihu a cikin kowace 'yar cikin Baba, kullum da safe ta zura na'urar kafin ya sa riga.

A takarda abin gwanin sha'awa. A Muchia kuwa, tabɗi! Kwanon rufi yana mayar da kiran, katanga tana haɗiye shi, tifa ta gitta ta tare shi, kai ko juya baya Baba ya yi sai awo ya canja. Yana zaune tsakar gida yana shan koko, akwatin kemis zai ce yana bakin titi, na injin niƙa ya ce ya faɗa kwata. Ɗigon da ke nuna shi a kan taswira sai tsalle yake daga wannan gida zuwa wancan. Na yi sati biyu kamar in yi kuka.

Daga nan dabarar da na yi ta taƙama da ita ta zo mini. Na bi bayan Baba kwana biyar da agogo a hannu, daga gida zuwa masallaci, har na san iyakar saurin takunsa. Sai na kafa wa kwamfutar doka. Duk awon da ya nuna tsohon nan ya yi tafiyar da ta fi ƙarfin ƙafarsa, ƙarya ne, ki watsar da shi, ki riƙe inda kika gan shi na ƙarshe har a kawo miki awo mai hankali. Wallahi nan take ɗigon ya nutsu. Yana tafiya a hankali a kan layinmu, taku bayan taku, sak Baba. Ranar ko sallama ban iya amsawa da kyau ba don jin kai.

Saura abu ɗaya da ya tsone mini ido. Kewaye da ɗigon akwai wani zobe da kwamfutar ke zanawa, ma'anarsa, mutumin yana cikin nan amma ban san takamaimai ina ba. In awo ya daɗe bai zo ba, sai zoben ya yi ta faɗi. Ranar da na nuna wa Mama aikin, ba ta kalli ɗigon ba, zoben ta sa wa yatsa.

"Wannan fa?"

Na yi mata bayani dalla-dalla. Ta gyaɗa kai ta ce, "Af, ashe dai ke ma ba ki sani ba ke nan."

Maganar ta ƙona mini rai, ni da nake jiran a ce sannu injiniya. A ranar na ɓoye zoben, ya rage ɗigo ɗaya ja, tsaf-tsaf. Da malamina ya gani ya tambaye ni ina zoben. Na ce na cire ne don hoton ya yi kyau. Ya zare tabarau ya ce, "Mayar da shi. Ɗigon nan zato ne kawai, zoben shi ne abin da kika sani." Na ce to, Malam. Ban mayar ba.

Wata biyu abin yana tafiya daidai. In Mama ta kira ta ce babanku ya daɗe, sai in buɗe kwamfuta in ce yana wajen kemis, ta je ta same shi a can ko kusa da can. Har ta fara faɗa wa yayyena a waya cewa autarta ta yi abin kirki.

Ranar da abin ya faru Talata ce a farkon damina, an kwana ana ruwa. Na fita da sassafe zuwa Samaru. Wajen tara da rabi ina ɗakin gwaji wayata ta yi ƙara.

"Ke, duba mini babanku. Tun da ya fita shan hantsi bai dawo ba."

Na duba. Ɗigo na nan daram a bakin masallaci, inda ya saba zama a kan dakali. Na ce, "Yana dakalin masallaci, Mama, ki kwantar da hankalinki." Har da 'yar dariyata.

Bayan minti goma ta sake kira. "Ga ni tsaye a gaban dakalin nan da ƙafata. Ba kowa."

Kun san me na ce mata? Na ce ta duba bayan masallacin, wajen alwala, don awon yakan yi kuskuren taku ashirin. Ta duba, babu. Na ce ta leƙa lungun da ke gefe. Babu. Na ce ƙila ya shiga ciki ya kishingiɗa, ta sa wani ya leƙa. Babu. Uwata tana tsaye a wurin da idonta biyu tana gaya mini ba ya nan, ni ina Samaru ina yi mata gardama da ɗigo. Minti arba'in muka ɓata a haka. A kira na ƙarshe muryarta ta canja, ta ce, "Ki rufe abin nan ki taho gida." 

Na hau bas da kwamfuta a cinya. Muka wuce Palladan, muka wuce Hanwa, ina ta kallon ɗigon, shi kuwa ko gezau. Abin kunya, rashin motsin nasa ma kwantar mini da hankali yake yi. Ina ce wa kaina ai bai je ko'ina ba, ƙila rigar ya cire ya ajiye.

Na tarar da Mama a bakin masallaci, mayafi a karkace, silifas ɗinta duk taɓo. Har a lokacin duk wanda ya tambaye ta lafiya sai ta ce Malam ne, wato Baba, ya manta wayarsa take son ba shi. Ni kuma na nufi shagon tela kai tsaye, don na yanke a raina akwatinsa ne ya lalace. Telan dattijo ne, sa'ar babban yayana ko ya ɗan girme shi, kuma tun ina firamare yake mana ɗinki. Ina taka benci zan sauko da akwatin ya ɗago kai daga keken ɗinki.

"Wai Malam kuke nema tun ɗazu? Ai ya yi tafiya tun kafin tara."

Na kusa faɗowa daga bencin. "Tafiya ina?"

"Oho. Na dai ga ya fito da babbar riga, ya tsaya a bakin hanya. Sai ga wani matashi a mota, ya yi fakin, ya fito ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi. Suka gaisa sosai. Ya buɗe masa gaba, suka yi wajen Kwangila. Kamar ɗan gidan wasu da suka tashi daga unguwar nan ne, ya rage masa hanya. Yaron kirki wallahi, bai bar dattijo a tsaye ba."

Mama tana bakin ƙofa, duk ta ji. Na ga ta dafa bango. Sai ta faɗi abin da shekara biyu ba ta faɗa wa kowa ba in ba 'ya'yanta ba.

"Malam ba shi da lafiya. Ba ya gane hanya. Wani lokacin ni ma ba ya gane ni."

Telan ya ɗauke ƙafa daga keken. Ya kalle ta, ya kalle ni, ya kalli akwatin da ke maƙale a saman shagonsa wata uku.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Hajiya, shekara ashirin muna sahu ɗaya da bawan Allahn nan. A gabana aka buɗe masa mota, ina kallo, har hannu na ɗaga masa. Da kalma ɗaya kuka faɗa mini, wallahi da ko tayar motar nan sai na riƙe."

 Ni dai na zauna a kan bencin na buɗe kwamfuta. Mota. Ban taɓa kawo mota a lissafina ba, ko sau ɗaya. Na auna takun Baba har kwana biyar, amma na manta a garinmu ba a wuce dattijo a tsaye a bakin hanya. Na shiga inda kwamfutar ke jibge awon da ta watsar, wurin da ni da kaina na sa wa suna shara. Ga su nan a jere, guda tara, kowanne da tambarin ƙarya a gefensa. Na farko daga akwatin tela, sai na kemis, sai na bakin unguwa ta yamma, a miƙe ɗoɗar bisa titi, cikin abin da bai kai minti biyu ba. Daga nan shiru, ya fita daga inda akwatunana ke ji. Tun kafin tara suke faɗa mini gaskiya, ni ce na toshe musu baki.

Na mayar da zoben. Ya buɗe, ya haɗiye Muchia, ya haɗiye Sabon Gari, ya haɗiye Zariya gaba ɗaya, ya fice daga gefen gilashin kwamfutar. Awa biyu da rabi ga mutumin da ya shiga mota. Kuma duk wanda ya san Kwangila ya san daga nan hanya ta rabu, ga motocin Kano, ga na Kaduna, ga na Funtua. Abin da ya fi tsorata ni shi ne kwanakin nan Baba yana yawan maganar garinsu na haihuwa, yana tambayar mahaifiyarsa da ta rasu tun ban zo duniya ba. In an sauke shi a tasha ya hau wata motar, ina za mu fara? 

Cikin wannan ruɗewa na tuna akwai akwati uku na gwaji da muka bari a kunne a sashenmu a Samaru, ɗaya ma a kan rufin bene. Na kira abokin karatuna da muke ɗakin gwaji ɗaya. Ko gaisuwa ban yi ba. Na ce ya duba mini ko akwai wanda ya ji na'ura mai lamba bakwai yau, wato ta jikin Baba. Ya ce wace lamba bakwai kuma, ai ba ta cikin na gwajinmu. Na daka masa tsawa na ce ya duba kawai, babana ne. Bai ƙara tambaya ba, Allah ya saka masa. Ina jin ƙarar madannai, ni kuma ina ta salati a zuci.

"Na kan rufi ya ji ta," ya ce. "Sau biyu. Can ƙasa-ƙasa, da ƙyar. Na ƙarshen bai fi minti ashirin ba."

Alhamdulillahi! Yana Samaru. Wato ina cikin bas ina tahowa gida, shi yana can bayana. Amma akwati ɗaya ne ya ji, kuma kun tuna akwati ɗaya nisa kawai yake faɗa, shi ma a irin wannan rauni ba tabbas. Na zana zoben a kan taswirar Samaru. Ya bi ta kasuwa, ya tsallaka babban titin da tireloli ke gudu, ya taɓa bakin dam, ya zagayo ta gonaki. Na juya wa Mama gilashin. Wannan karon ban yi iyayi ba.

"Mama, ban san inda yake ba. Na dai san yana wani wuri a kan zoben nan. Iyakar abin da na sani ke nan."

Ba ta kalli gilashin sosai ba. Ƙasa take kallo, inda ruwa ya kwanta a gaban shagon. Can ta ce, kamar da kanta take magana, "Ruwa aka yi jiya. Kuma babbar riga ya sa." Ta ɗago. "Aiki ya tafi."

Mahaifina kafin ya yi ritaya ma'aikacin auna yanayi ne a wata gonar gwaji a Samaru. Shekara da shekaru, duk safiyar da aka kwana da ruwa, shi ke zuwa ya buɗe wani ɗan fili mai shingen waya, ya juye ruwan da ma'auni ya tara cikin kwalbar awo, ya rubuta a littafi. Ina ƙarama sosai ya bar aikin, shi ya sa ko a mafarki abin bai zo mini ba. Na nemo gonar a taswira. Gefen zoben ya ratsa ta tsakiyarta.

Telan ya riga ya ja ƙofar shagonsa. Ya ce mu mu yi gonar, shi zai ɗauki babur ya bi kasuwa da bakin titi, ko da hasashen Hajiya bai faɗa daidai ba. Muka tari keke napep. Tafiyar nan ban san sau nawa na ce wa mai keken ya ƙara wuta ba, har ya juyo ya ce, "Hajiya, keke ne fa, ba jirgi ba." Mama kuwa carbi kawai take ja, ɗayan hannunta yana riƙe da gefen mayafina.

Tun daga nesa na hango farar babbar riga a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, kusa da ɗakin mai gadi. Ban jira keken ya gama tsayawa ba. Yana zaune a kan kujerar roba, hularsa a kan gwiwa, ga kofin ruwa a gefensa.  Na ji Mama a bayana tana ta maimaita alhamdulillahi.

Mai gadin wani bawan Allah ne mutumin kudancin Kaduna, da ɗan gicciye a wuyansa. Ya ce, "Madam, babanku ne? Kai, na gode wa Allah. Ya zo ya ce mini ya makara, in ba shi makullin wajen awo. Wajen da yake faɗa kuwa tun kafin in zo nan aka canja shi, yanzu inji ne ke yi. Na tambaye shi gida, ya faɗa mini kwatas ɗin da aka rushe. Sai na gane. Kakata haka ta yi. Sau uku yana tashi zai fita titi, ina ce masa oga ya ce a jira shi a nan." Ya yi 'yar dariya. "Na ce yau ko zan kwana a nan, ba zan bar shi ya taka titin can ba."

Na matsa kusa da Baba na gaishe shi. Ya amsa tsaf, ya tambaye ni gajiya da iyali. Bai gane ni ba. Ya ce, "Malama, ke ce daga ofis? Ba a ɗauki awon safe ba, ga rana ta yi. Za a ce na yi sakaci."

Na ce, "An ɗauka, Baba. An ma rubuta. Cewa aka yi ku koma gida ku huta."

"Nawa aka samu?"

Na yi shaci-faɗi, na ce milimita talatin. Ya kalle ni sheƙeƙe. Ya sunkuya ya dangwali ƙasa da yatsa, ya murza, ya girgiza kai.

"Haba Malama. Ruwan jiya bai wuce sha biyu ba. A je a sake dubawa, kada a rubuta abin da ba a tabbatar ba."

Mai gadi ya fashe da dariya, Mama ma tana hawaye tana dariya. Ni kuwa na ce to, Baba, za a gyara. Rana ɗaya, awona biyu sun faɗi. Ban taɓa bin diddigin ko nawa aka samu ranar ba, na yarda da nasa.

Da la'asar ɗin ranar, da izinin Mama, telan ya tsaya bayan salla ya faɗa wa mutanen masallaci halin da ake ciki. Ni ina gida ina jiran abin da muka shekara biyu muna tsoro. Bai zo ba. Abin da ya zo shi ne sallama, ɗaya bayan ɗaya, har zaure ya cika. Wasu sun yi mana ƙorafin ɓoyewar, kuma sun yi gaskiya. Bayan kwana uku matashin mai mota ya ji labari ya zo har gida, ya rasa inda zai sa kansa don kunya. Ya ce wallahi hira suka yi tiryan-tiryan har Samaru. Mama ta ce masa ya daina ba da haƙuri, tarbiyya ce ta sa ya tsaya, laifin namu ne.

Daga ranar Baba bai sake yin taku hamsin ba tare da ido a kansa ba. Mai kemis, mai niƙa, matan layinmu, kowa. In ya nufi bakin titi sai ka ji wani ya tare shi da gaisuwa, ya ja shi da hira har ƙofar gida, shi kuma yana jin daɗi wai mutane sun san girmansa. Akwatunan ma ban cire su ba. Na gyara dokar, ta yadda in awon da ake zargi ya zo sau uku a jere yana faɗin abu ɗaya, kwamfutar ta daina musu ta buga mini waya. Zoben kuma na bar shi ɓaro-ɓaro. Wannan gyaran shi ya zama babi mafi kyau a kundina. Malamina ya tambaye ni yadda aka yi tunanin ya zo mini, na ce masa dogon labari ne, Malam.

Har yau aikin da nake yi ke nan, kuma ina son sa. Amma duk wanda ya nuna mini taswira da ɗigo ɗaya tsaf babu zobe, sai in tambaye shi me ya watsar kafin ya samu wannan tsabtar. Kuma in kuna da mai irin wannan ciwo a gida, don Allah ku faɗa wa maƙwabta. Mu mun tsare masa mutunci har muka kusa rasa shi ɗungurungum. Ina yawan tuna titin nan na Samaru da tirelolinsa, da cewa abin da ya raba Baba da shi kujerar roba ce da wani mutum da bai san mu ba. In na tuna sai in ji kamar yau abin ya faru.

Baba ya ƙara shekara uku tare da mu. Ranar da Allah ya karɓi abinsa, da hantsi ne, a kan gadonsa, a ɗakinsa. Mama tana riƙe da hannunsa, ni ina wajen ƙafafunsa, telan da liman suna zaure. Na yi kuka sosai, amma ko a cikin kukan ina gode wa Allah. Ba a bakin wani titi aka tsince shi ba, ba a yi ta cigiya ba. Duk mun san inda yake.